Sawu biyar a ofishin lasisi: na je tambayar takardar mashayar layinmu

Wannan bayani ne a kan aikin wani ofishi da na yi wa sawu biyar cikin mako bakwai a nan Damagaram. Ba zan kama sunan ofishin ba, ba kuma zan faɗi unguwarmu ba, domin ba tonon silili na zo yi ba, kuma a ciki akwai mutanen kirki da ba na son abin ya shafe su. Tambaya ɗaya ce ta kai ni: mashayar da aka buɗe a ƙarshen layinmu tana da izini ko ba ta da shi, in tana da shi wa ya sa hannu, kuma bisa wane sharaɗi.

Ni tsohon mushen lakwal ne, wato malamin makaranta, shekara 31 na yi riƙe da alli kafin in ajiye aiki. Shi ya sa duk wata takarda ta unguwa a hannuna take ƙarewa, daga ta neman famfo har ta neman a kwashe shara.

Wurin da ake magana a kai da can gidan abinci ne, kuma mai kyau. Na sha cin shinkafa da miyar wurin, gasasshen zabonsu kuwa har baƙi na taɓa saya wa. Akwai telebijin a rumfa, yara na zuwa kallon ƙwallo, ƙarfe goma an rufe. Bayan babbar Sallah sai muka ga an ƙara wa katangar jerin bulo uku, an sa ƙofar kwano mai sakata daga ciki, an ɗaura ƙwan lantarki shuɗi a bakin ƙofa. Mako bai zagayo ba kiɗa ya fara kai wa ƙarfe biyun dare. Da asuba, in mun fito masallaci, sai mu tarar da murafun kwalabe a cikin rairayi, wani lokaci da mutum kwance jikin katangar maƙwabcina. Na auna da ƙafata: daga ƙofar wurin zuwa zauren da almajirai ke karatun dare taki 74 ne. Almajiran nan ne ke tsintar murafun suna wasan dara da su.

Ran da aka taru a ƙofar gidan mai unguwa bayan lisha, dattawa na kan tabarma, samarin fadar bakin layi na tsaye a baya. Ɗaya daga cikinsu, yaron da na koyar a aji uku, ya ce, "Baba, ku bar mu da shi, dare ɗaya ya ishe mu." Gabana ya faɗi, domin na san inda irin wannan magana take kaiwa. Ran Juma'a 16 ga Janairun 2015, bayan an sauko daga masallaci, garin nan ya kama da wuta a kan zanen ɓatancin da jaridar Charlie Hebdo ta Faransa ta buga. An ƙona cibiyar al'adun Faransa da Nijar, an ƙona majami'u, an fasa wuraren shan giya, an yi asarar rayuka, washegari abin ya tsallaka Yamai. Ina tsaye a ƙofar gidana ranar ina kallon hayaƙi, ina ƙirga ƴaƴana ɗaya bayan ɗaya har suka cika. Ba na fatan in sake ganin irin wannan rana, ko da kuwa a kan mashaya ɗaya ce.

Na ce wa mai unguwa, "Ranka ya daɗe, an sanar da kai kafin a buɗe?" Ya girgiza kai. Ya ce shi ma da kunnensa ya ji, kamar kowa. Daga nan ya ce, "Mushe, kai ka san hanyar biro. Je ka tambayo mana. In da takarda mu san da ita, in babu mu san abin da za mu kai gaba. Ku kuma samari, kada wanda ya taɓa ko ƙofar kafin Mushe ya dawo."

Bari in faɗi inda na tsaya tun yanzu. Ni Musulmi ne, ban taɓa kai giya bakina ba, kuma da da zaɓina ne da babu mashaya a layin da jikokina ke bi. Amma nan ba Kano ba ce. A can, tun da aka ƙaddamar da shari'a a 2000, Hisba ce ke tattara kwalabe ana bi ta kansu da mota a bainar jama'a. A Nijar doka ba ta hana sayar da giya ba, ta dai ɗaure shi da izini da haraji da sharuɗɗa, kuma kundin hukunta laifuka ya tanadi horo ga mai maye a bainar jama'a da mai shayar da yaron da bai kai shekara 18 ba. To, tun da hukuma ta ce ita ce mai ba da izini, haƙƙina ne in san wanda ta bai wa. Da wannan na fita.

Sawun farko ran Litinin ne. Kabu-kabu ya kai ni a dala 40, na isa takwas da rabi. Abin da ya fara burge ni shi ne tsabta: an share farfajiyar, an yayyafa ruwa, akwai benci biyu a inuwar dogon yaro. Mai gadin ya gaishe ni da ladabi, ya nuna mini ƙofa ba tare da ya miƙo hannu ba. Kafin a kira ni na tsaya na karanta allon sanarwa tun daga sama har ƙasa, halin malamin makaranta. Akwai sanarwar rigakafin yara, akwai ta biyan haraji, akwai jerin sunayen waɗanda aka kira kan maganar filaye, rana ta cinye tawadar rabinsu. Babu ko layi ɗaya a kan wuraren sayar da abin sha. Kuma duk abin da ke allon da Faransanci yake.

Wadda ta karɓe ni wata madam ce da ba ta wuce sa'ar ƴata ta biyu ba. Ta miƙo mini ruwan leda mai sanyi tun kafin in zauna, kuma duk ɗan Damagaram ya san ruwa a garin nan ba abin rainawa ba ne. Ta ce, "Baba, sannu da zuwa. Buɗewa za ka yi ko sabuntawa?"

Na ce, "Ƴata, ba ko ɗaya. Ni maƙwabci ne. Na zo in ji ko wuri kaza yana da izini."

Ta ajiye bik ɗinta ta dube ni. Ba kallon raini ba ne, kallon wanda aka yi wa tambayar da bai taɓa ji ba ne. Ta ce tun da take wurin, masu zuwa iri biyu ne: mai neman takarda da wanda aka kira saboda takarda. Maƙwabci bai taɓa zuwa ba, ita kuma ba ta da hurumin buɗe mini rajista sai shugabanta ya ce.

Ina zaune wani mutum ya shigo, shi neman buɗe wuri ya kawo shi. Nan na ga ofishin yana aiki yadda ya kamata. Madam ta lissafa masa abin da zai kawo da ka, ba ta ko duba takarda ba, ta maimaita masa da Hausa, ta rubuta masa a ƴar takarda, ta faɗa masa ranar da zai dawo. Minti goma bai cika ba ya fita da fara'a. Na kasa kunne ko zan ji ta ce ya kawo shaidar mai unguwa ko ta maƙwabta. Ban ji ba. Wannan shi ne ainihin abin da na gano a ranar, sauran sawu huɗun ƙarin bayani ne kawai: an gina ofishin ne domin mai neman izini, ba a bar ko taga ɗaya ba domin wanda zai kwana da sakamakon izinin.

Sawu na biyu shugaban na taro. Aka ce in gwada wajen masu haraji, ko su za su sani. Na je, dala 40 kuma. A can na samu wani dattijo da ya kusa ajiye aiki, shi ma bai nuna mini komai ba, amma ya warware mini wani ƙulli da ya daɗe yana ruɗa mutanen unguwa. Ya ce, "Mushe, ku daina haɗa patanti da izini. Patanti haraji ne na sana'a, mai kanti ma yana biya. Mai sayar da giya yana da nasa kuɗin lasisi a kai. Amma biyan kuɗi daban, izinin buɗe ƙofa a wuri kaza daban. Mu kuɗi muke karɓa, ba mu muke cewa a buɗe ba." Wannan bayani ya fi mini kuɗin kabu-kabun daraja, domin a unguwa duk wanda ya ɗaga wata takarda mai kashe, wato hatimin hukuma, ya ce "ina biyan gwamnati", sai kowa ya yi shiru. Allah ya saka wa dattijon nan da alheri.

Daga nan na gane baki ba zai yi ba, sai rubutu. Na zauna da daddare na rubuta wasiƙa da Faransanci, shafi ɗaya, mai unguwa ya sa hannu, liman ya sa, magidanta 23 suka sa, wasu da bik wasu da dangwale. Na kafa hujja da dokar da na san da ita: doka mai lamba 2011-22 ta 23 ga Fabrairun 2011, wadda aka sa wa hannu a zamanin riƙon ƙwaryar Salou Djibo, kan haƙƙin ɗan ƙasa na samun bayanai da takardun hukuma. Abin da ta ƙunsa a taƙaice shi ne takardun hukuma a buɗe suke ga jama'a, in ban da irin waɗanda suka shafi tsaron ƙasa ko sirrin rayuwar mutum da makamantansu, kuma in za a hana ka, a faɗa maka dalili. Tsarin mulkin 2010 ma, kafin a dakatar da shi a Yulin 2023, ya faɗi wannan haƙƙi a aya ta 31. Dokar nan ta haura shekara goma, amma cikin waɗanda suka sa hannu a wasiƙar babu wanda ya taɓa jin labarinta.

A sawu na uku na kai wasiƙar, kuma a nan dole in yaba. Na yi fotokopi biyu a bakin titi, dala 5 kowane shafi. Madam ta karɓi asalin, ta jawo wani babban rajista mai baƙin bango wanda aka ɗaure gindinsa da salatif, ta ja layi da rula, ta rubuta kwanan wata da lamba da sunan mai kawowa da abin da wasiƙar ta ƙunsa. Ta hura kashe da bakinta, ta danna a kan kwafina, ta rubuta lambar a cikin da'irar da jan bik, ta sa hannu. Ta ce, "Baba, kada ka yar da wannan. Duk wanda ya ce maka wasiƙarka ba ta zo ba, nuna masa lambar." Ba ta nemi ko tamma ba. Da na fito da kuɗin goro don in gode mata, sai ta mayar mini da hannuna ta ce aikinta ne. Kwafin nan yana cikin Alƙur'anina na fassara har yau, don nan ne wurin da na san ba zai ɓata ba.

Kwana goma sha biyu bayan haka na koma, sawu na huɗu, na samu shugaban. Ya ba ni kujera, ya ce ya ga wasiƙar, har ya yaba rubutun. Sai ya ce, "Mushe, ka kwantar da hankalin mutanenka. An san da wurin."

Na ce, "Ranka ya daɗe, an san da shi yana da izini, ko an san da shi ba shi da izini?"

Ya yi murmushi ya ce dosiyen ɗan kasuwa sirrinsa ne, ba a buɗe wa kowa. Na ce ni ban tambayi ribarsa ba, ban tambayi bashinsa ba, ban nemi ganin katinsa na ɗan ƙasa ba. Abu uku nake so: e ko a'a, ƙarfe nawa aka ce ya rufe, kuma an duba tazararsa da makarantar allo ko ba a duba ba. Ya ce ba shi ne mai sa hannu na ƙarshe ba, nasu ra'ayi ne kawai suke bayarwa, dosiye ya hau sama. Na ce to a rubuta mini haka, in kai wa mai unguwa. Ya ce za a rubuta.

Wannan zama shi ya fi ɓata mini rai, duk da cewa mutumin bai ɗaga mini murya ba, har bakin ƙofa ya rako ni. "An san da wurin" magana ce da ba ta kama kowa. In gobe ta yi kyau, an faɗa maka. In ta ɓaci, ba a ce maka yana da izini ba. Ni kuma da wane baki zan koma gaban samari 30 in ce musu su yi haƙuri domin "an san da wurin"? Abin da za su fassara shi ne an ci kuɗi. Haka kuwa aka yi. Kafin dare labari ya zaga cewa mai wurin yaron wani babba ne, wasu suka ce wani mai kaki ne ke da wurin a ɓoye, wasu har adadin jikkunan da ake kaiwa duk wata suka faɗa, alhali babu wanda ya ga komai da idonsa. Ofishin da ya rufe bakinsa don kare sirrin ɗan kasuwa, shi ya jefa ɗan kasuwar a bakin duniya.

Ganin haka na yi abin da ya kamata in yi tun farko. Da hantsi, lokacin da wurin ba kowa, na ƙwanƙwasa ƙofar kwanon nan. Wani yaro na wanke kofuna a baho, kujerun roba a kife kan tebura, warin daren jiya bai gama fita ba. Mai wurin ya fito yana gyara riga. Mutanen unguwa na cewa baƙo ne daga gabar teku. Ba baƙo ba ne, a garin nan aka haife shi, Hausarsa irin tawa ce. Ya ce, "Baba, lafiya?" Na ce lafiya lau, takardarsa na zo gani in zai nuna mini, in ba zai nuna ba kuma babu dole.

Ya yi jim, sannan ya shiga ɗaki ya fito da wata baƙar leda a ƙulle. A ciki akwai rajistar kasuwancinsa, da lambarsa ta haraji, da rasiɗan patanti na shekara uku a jere, an liƙe su da ƙusar takarda da ta yi tsatsa. A ƙasan su duka ga izinin, da kashe da sa hannu da komai. Na sa tabarau na karanta a hankali. Izinin na gaskiya ne, da sunansa. Amma adireshin da ke ciki na wata unguwa ce, can inda ya fara sana'ar kafin mai gidan ya karɓi abinsa.

Na nuna masa da yatsa. Ya ce ya sani. Ya ce tun kafin ya ƙara bulon nan ya kai takardar neman a mayar da izinin nan, ya nuna mini kwafinsa, da kashe irin nawa da lamba da jan bik, watanni biyar kafin tawa. Har ranar ba a ce masa e ba, ba a ce masa a'a ba. Kuɗin haya kuwa ba ya jira, sai ya buɗe. Na tambaye shi ko ba a zuwa dubawa. Ya yi ƙasa da murya ya ce ana zuwa, kusan duk wata, kuma duk mai zuwa ya san adireshin bai dace ba, don haka ba ya fita hannu wofi, ba kuma ya barin rasiɗi. Bai faɗa mini ko su wa ba ne, ni ma ban tambaya ba. Ya ce, "Baba, wallahi da za a ce mini a'a a rubuce da na huta. In nemi wani wuri, ko in koma shinkafata."

Ban fita daga wurin ina goyon bayansa ba. Ya buɗe kafin a amsa masa, ya san da makarantar allo, ya san kiɗansa na hana marasa lafiya barci, kuma na faɗa masa haka a gabansa. Amma na fita da sanin cewa ni da shi layi ɗaya muke bi a ofishi ɗaya, kowa riƙe da lambarsa, kuma shirun da ake yi mana akwai masu cin abinci da shi. Wani abu kuma da ba a so a faɗa a taron unguwa: na tambaye shi su wa ke cika masa kujerun nan. Ya ce in zo da dare in gani da idona. Ban je ba, na riga na san amsar. Baburan da ke jere a bakin ƙofar ba daga wata ƙasa suke zuwa ba.

Da a shekarun baya ne, da akwai wata ƙofar da zan ƙwanƙwasa. Tun da aka yi dokar ƙananan hukumomi ta 17 ga Satumban 2010, Damagaram na cikin birane huɗu masu matsayi na musamman, tare da Yamai da Maraɗi da Tawa, an raba ta gundumomi 5, kowace da zaɓaɓɓun kwansaye, wato kansiloli. A lokacin, zaman majalisarsu a buɗe yake ga jama'a. Ba zan ce kwansayen nan duka suna aiki ba, wasu sai lokacin zaɓe ake ganin fuskarsu. Amma namu na san gidansa, na san mahaifinsa, kuma yana jin nauyin in tare shi a wurin suna ko jana'iza in ce yaya maganarmu. A Afrilun 2024 aka rusa majalisun nan a duk ƙasar, aka naɗa wakilan gudanarwa a madadinsu. Ko mutum na goyon bayan matakin ko ba ya yi, abin da ya biyo baya a fili yake: wanda zai yi tambaya a madadin unguwa ya ragu, saura mai unguwa. Shi kuma mai unguwa ana tuna shi in lokacin tattara haraji ya yi, ko in an yi faɗa ana neman mai raba gardama, amma ba a tuna shi in za a buɗe abin da zai kawo faɗan. A garin da tun zamanin Sarki Tanimu baƙo ba ya sauke kaya a Birni ko a Zango sai an san mai masaukinsa, wannan abin kunya ne.

Abin da nake nema ba sabon abu ba ne a wurin hukuma. Su da kansu suna da hanyar da suke kira binciken komodo-inkomodo, wanda ake yi kafin a kafa irin wuraren da ke iya damun maƙwabta: a yi shela, a ajiye rajista na wasu kwanaki, duk mai magana ya zo ya rubuta ko a rubuta masa. Me zai hana a yi wa mashaya haka, a ajiye rajistar a zauren mai unguwa, a faɗa a rediyo? Me zai hana a liƙa a allon nan da na karanta jerin wuraren da ke da izini, da unguwarsu, da lokacin rufewarsu, da ranar da izinin zai ƙare? Takarda biyu ce da gam. Shi ma mai wurin a tilasta masa ya rataye izininsa a bango inda mai wucewa zai gani, maimakon baƙar leda a ƙarƙashin katifa. Kuma a rubuta da Hausa. Kundin sake gina ƙasa da aka ƙaddamar a Maris 2025 ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi na aiki ne. To, mu gani a allon sanarwa, da boko da ajami, yadda malamin makarantar allon nan zai karanta da kansa ba sai ya nemi Mushe ba.

Maganar layinmu dai mu muka yi wa kanmu rabin magani. Mai unguwa ya kira mai wurin gaban dattawa, ya zo da ledarsa, na karanta wa jama'a takardun ɗaya bayan ɗaya na fassara. Da samari suka ji babu wani babba a bayansa, kuma suka ji shi ma jira yake, sai zafin ya sauka. Aka yi yarjejeniya a rubuce: kiɗa ya mutu ƙarfe 11, ya toshe ƙofar da ke kallon makarantar ya buɗe ta bayan da ke kallon fili, ba ya buɗewa ran Juma'a sai bayan magariba, azumi kuma a rufe gaba ɗaya, yaro ƙarami ko aike ba ya shiga. Ya cika uku daga ciki ba tare da an sake yi masa magana ba. Na kiɗan ne yake karyawa daren Asabar, sau biyu ke nan ina tashi in je in buga ƙofar. Yarjejeniyar ba ta da ƙarfin doka, ranar da ya ga dama zai iya take ta, kuma dattawa da yawa har yanzu so suke ya tashi gaba ɗaya. Ni ma ina cikinsu, muddin taki 74 ɗin nan na nan.

Ga wanda irin wannan ta same shi ya yi niyyar zuwa: ofishin ba wurin tsoro ba ne, ba za a wulaƙanta ka ba, ni dai ba wanda ya nemi kuɗina. Ka je da safe tsakanin Litinin da Alhamis, Juma'a rabin rana ce. Kada ka je da baki kawai, sawuna biyu na farko sun tafi a banza saboda haka. Ka rubuta, ka sa mai unguwa ya sa hannu, ka yi kwafi, kada ka fito sai an buga maka kashe da lamba. In ana maganar tarba da ladabi da ajiye takarda, na ba su hannu. In ana maganar amsa tambayar da ta kai ni, ba su ba ni komai ba, kuma don amsar na je. Dala 400 na kashe a kabu-kabu, abin da na sani kuma a cikin ledar mai mashaya na same shi.

Sawu na biyar ran Laraba ne da ta wuce. Madam ta gan ni tun daga ƙofa ta miƙe, ta ɗauko rajistar ba tare da na faɗi lambata ba, ta bi layin da yatsa har zuwa gurbin da ake rubuta ranar amsa. Gurbin fari ne. Na roƙe ta ta duba mini lambar mai wurin, ta juya shafuka baya, ta samo ta, nasa gurbin ma fari. Ta ce, "Baba, ka dawo bayan mako biyu." Na ce in Allah ya kai mu zan dawo, kuma wannan karon tare da shi za mu zo, da mai unguwa.